Baƙin tawada ba shi ne ma'aunin negatif ba

Wasu masu ɗaukar hoto a Kaduna da suka fara gwada wankin hoto irin na dā, musamman sayanotaif, salon fitar da hoto mai launin shuɗi wanda John Herschel ya ƙirƙiro a 1842, suna ɗauka cewa muddin firinta ta zuba baƙar tawada mai kauri a kan leda mai garai-garai, to negatif, wato ledar da ake ɗorawa a kan takardar hoto a shanya su a haske don hoton ya fito, ya yi kyau. Lamarin ba haka yake ba. Takardar da aka shafa wa sinadarin ƙarfe hasken UV take amsawa, wanda ido ba ya gani, kuma a firintoci da dama tawada ruwan ɗorawa ko koriya takan tare wannan haske fiye da yadda kamanninta yake nunawa.

Saboda haka gwaji ne yake yanke hukunci. Da farko a gano mafi ƙarancin lokacin shanyawa da zai ba da shuɗi mafi duhu ta cikin ledar da babu tawada a kanta. Daga nan a buga tsani mai matakai 21 daga fari zuwa baƙi, a shanya, a wanke, a bari ya bushe sarai, domin shuɗin yana ƙara duhu bayan bushewa, sannan a auna kowane mataki da sikana a gyara saitin haske a kwamfuta.

Saitin da ya dace da sayanotaif ba zai yi wa faladiyam, wani salon wankin hoto irin na dā, aiki ba, kuma sauya takarda ko tawada yana buƙatar sabon awo. Mai dogaro da rana kuwa, ƙurar hunturu da gajimaren damina za su riƙa sauya masa lokaci, shi ya sa fitilar UV ta fi dacewa da wannan awon.