Ba Kowane Dare Ake Sa Kwat a Jirgin Ruwan Shaƙatawa Ba

Mutane da yawa sun ɗauka sai ka sa kwat da taye kowane dare kafin a ba ka abinci a jirgin. Ba haka ba ne. A tafiyar mako guda, daren ado yawanci ɗaya ne ko biyu, kuma babban ɗakin cin abinci dokar ta fi shafa. Wanda ba ya so, ya nufi wajen ɗebi-da-kanka da 'yar rigarsa mai gajeren hannu, ba mai ce masa uffan, kuma kuɗin na cikin tikiti. Kamfanin jiragen shaƙatawa na Norwegian tun shekarar 2000 ya sassauta dokar, kamfanin Cunard ne dai ke riƙe da al'adar gam. Amma fa jiƙaƙƙun kayan iyo, ko'ina ba a zama cin abincin dare da su.