Kuɗin cacar da ke ficewa ta wayar samarin Aboabo

Ranar Asabar da yamma, idan ana buga Firimiyar Ingila, ka leƙa Aboabo ko Sabon Zongo a nan Kumasi. Za ka tarar da samari a gindin rumfar mai MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kowa ya duƙufa kan wayarsa. Sidi biyar, sidi goma, haka kuɗin ke tsiyaya. Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, malamanmu sun faɗa har sun gaji. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya yau shi ne inda kuɗin nan ke zuwa.

A Agustan 2023 hukumar harajin Gana, GRA, ta fara yanke kashi 10 cikin 100 daga abin da ɗan caca ya ci, ta kuma ɗora wa kamfanoni kashi 20 cikin 100 na abin da ya rage musu bayan sun biya waɗanda suka ci. Samari suka yi ta kuka, maganar ta shiga yaƙin zaɓe, kuma a Afrilun 2025 Shugaba Mahama ya sa hannu aka soke kashi 10 ɗin tare da E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya. Na kamfanoni yana nan. To wa ke biyansa? Wanda ya karɓi lasisin hukumar kula da caca, mai ofis da ma'aikata a ƙasar. Shafin cacar da ya fake a tsibirin Curaçao na yankin Karebiyan ba tare da lasisinmu ba kuwa, ya kwashi kuɗin yaranmu, baitulmali ko pesewa ba ta gani.

Ingila ta taɓa shan wannan. Kamfanonin cacarta suka koma yankin Gibraltar don guje wa haraji, sai a Disambar 2014 ta ce haraji zai bi inda ɗan cacar yake zaune, ko ina kamfanin ya kafa ofis.

Mu namu ya ma fi sauƙi. Yaron Aboabo ba shi da katin banki na ƙasar waje, da MoMo yake zuba kuɗi, kuma masu tura kuɗin a ƙarƙashin Babban Bankin Gana suke. A hana su tura ko sidi ɗaya ga shafin da ba shi da lasisi, hukumar sadarwa ta NCA kuma ta toshe shafin da ya ƙi karɓar lasisi.

Tsorona ɗaya ne, kada gwamnati ta ɗanɗana zaƙin kuɗin ta fara fatan yaranmu su ƙara caca. Shi ya sa nake so 'yan majalisarmu, musamman na Asawase, mazaɓar da Aboabo ke ciki, su nemi a rubuta cikin doka cewa wani kaso na harajin zai tafi wajen jinyar waɗanda caca ta kama da koya musu sana'a.