Ƙaurin wayar lantarki a cikin jirgin ruwa: nasiha ga ƙannenmu masu aikin teku

Samarin Maradi, ƙannena, wasunku yanzu sun wuce ɗaukar kaya a tashar Kwatano da Lome, sun sami aiki cikin jiragen ruwan kansu. Allah ya sa albarka a neman. Sai dai mu mutanen tudu ne, mun tashi in aka yi ihun gobara a unguwa kowa bokiti yake sura. Ku bar wannan halin a gida.

Lantarki yana bin ruwan gishiri fiye da ruwan rijiya. A gidajenmu ƙarfin wuta 220 ne, manyan injinan jirgi kuwa galibi da 440 suke aiki. Wanda ya watsa ruwan teku ga akwatin wuta mai hayaƙi, ta ruwan nan wutar za ta hau jikinsa, ga shi kuma a kan ƙarfe yake tsaye.

In ka ji ƙaurin roba, ko fitila tana ƙyaftawa, ko makunni ya yi zafi yana tartsatsi, fara da ihu. Danna ƙararrawa, ka sanar da ɗakin tuƙi, ka faɗi wurin daidai: hawa na nawa, wane ɗaki. A nan tsorona yake. Sabon ma'aikaci, baƙo, yana gudun a ce shi ya jawo, ko a yi masa dariya in ba komai ba ne, sai ya yi shiru ya ce bari ya gyara da kansa. Don Allah kada ka yi haka. Wayoyin jirgi ta bayan bango da saman rufi suke bi, wuta takan daɗe tana ci kafin ido ya gan ta. A tsakiyar teku ba a kiran lamba 18, ku da kuke ciki ku ne ƴan kwana-kwana.

Bayan nan a katse wutar wurin. In ba ka san makunnin ba, bar wa mai lantarkin jirgi. Kwalbar kashe gobara mai iskar CO2 ko ta hoda ake ɗauka, ƙofa tana bayanka, kuma kada ka kama bakin ta CO2 da hannu, sanyinsa yana ƙona fata. Duk da haka iskar ba ta sanyaya waya sosai, shi ya sa ake tsaron wurin ko da harshen wutar ya mutu. In kwalba ɗaya ba ta isa ba, fita ka rufe ƙofa, a kashe fankokin da ke kai iska. Hayaƙin robar waya guba ne, sunkuya ka bi ƙasa.

In jiniyar CO2 ta yi kuka a ɗakin inji, fita nan take, don iskar da za a saki ta cika ɗakin ta kashe wutar tana kashe mutum. Busa bakwai gajeru da doguwa ɗaya kuwa, wurin taruwa ake kiranka. Kada ka koma neman waya ko fasfo: in aka ƙirga babu kai, abokan aikinka za a tura cikin hayaƙi su nemo ka.

Yarjejeniyar SOLAS ta 1974, ta ƙasashen duniya kan kare rayuka a teku, ta wajabta wa ma'aikatan jirgi atisayen gobara kowane wata. Kada ka tsaya a baya kana hamma. Tun ranar da ka hau, nemi hanyoyin fita biyu daga ɗakin kwananka, ka tambayi inda makunninsa yake, kuma ka daina barin caja a jone ƙarƙashin matashi.