Kwana takwas suna ce min ɗan'uwa, ranar tafiya suka watso min kaya

Mako uku ke nan da dawowata Kano, amma wallahi duk sanda na tuna ranar ƙarshen da na yi a Istanbul sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Na yi ta ba kaina haƙuri, haƙurin ya ƙi zama. Gara in faɗa, ko wani mai shirin tafiya shi kaɗai zai ji.

Sarin takalma da kayan yara ne ya kai ni. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa Turkiyya ya san Laleli, unguwar da shagunan sari suke a jere kamar Kantin Kwari, ga ofisoshin masu aika kaya ƙasashen Afirka a kowane lungu. A nan na kama ɗaki a wani ƙaramin otal, tafiyar minti biyar zuwa tashar taragon da ke bi ta Aksaray da Beyazit. Kwana takwas ban ga abin ƙi ba. Da safe su gaishe ni, su kawo min shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashin nan nasu, mai karɓar baƙi ya dafa ƙirji ya ce min "kardeshim", wato ɗan'uwana. Na saki jiki, har na tura wa abokan kasuwancina biyu sunan wurin na ce in sun zo su sauka a nan.

Tun ranar da na sauka na yi lissafi. Jirgina ƙarfe ɗayan dare zai tashi, su kuma ƙa'idarsu a bar ɗaki da sha biyun rana. Ni kaɗai ne, ga jakunkuna uku, ina zan kai su na tsawon yini guda? Sai na yi magana da yaron da ke kan kanta, muka daidaita zan ƙara dala 25 a bar min ɗakin zuwa shida na yamma. Na ƙirga na ba shi a hannu, ban da dala 50 da suka riƙe jingina, wai ko baƙo zai ɓata wani abu, za a mayar min ranar tafiya. Na ce ya ba ni rasidi, ya yi murmushi ya ce babu matsala, ya rubuta a kwamfuta.

Ranar ƙarshe na tashi da wuri, na auna jakunkunana da ɗan sikelin hannu da nake tafiya da shi. Biyu na awo, kowace ta ɗan gaza kilo 23, ta ukun kuma ta hannu ce. Sauran tarkace na bar su a kan gado da cikin durowa, tunda ina da lokaci. Na fita na hau tudu zuwa masallacin Sulaimaniyya, wanda Mimar Sinan ya gina aka gama a 1557. Kwana takwas ina cikin ciniki ban samu na leƙa ba, kuma mahaifiyata, wadda har yau Santambul take kiran garin, ta ce kada in dawo ban yi mata addu'a a ɗaya daga manyan masallatansu ba. Na yi nafila, na tsaya a farfajiya ina kallon ruwa da jiragen fito suna kai da kawo tsakanin ɓangaren Turai da na Asiya. A hanyar dawowa na saya mata butar shayi mai hawa biyu da kofuna shida, aka naɗe min su a kwali. Raina fes.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna na dawo otal. Na sa katin ƙofa, jar wuta. Na sake sawa, jar wuta. Ina cikin haka sai ga ƙofar ta buɗe daga ciki, wani mutum da matarsa suna kallona. An riga an ba su ɗakin.

Na sauko ƙafafuna suna rawa. A ƙarƙashin matattakala, kusa da bokitin goge ƙasa, na hango kayana. An jibge jakunkunan ɗaya kan ɗaya. An buɗe zif ɗin babbar, an cusa mata duk abin da na bari a kan gado: tawul ɗina mai danshi, silifas ɗin banɗaki, sabulu ba a naɗe ba, duk a kan sababbin rigunan yaran da na saro. Da suka ga zif ya ƙi rufuwa sai suka ja da ƙarfi har ya tsage kusan taƙi guda. Sallayata kuwa a ƙasa na same ta, gefenta ya jiƙe da ruwan bokitin. Wannan sallayar ita ta fi ƙona min rai. A garin da ake kiran salla ta ko'ina sau biyar a rana, a ce ma'aikacin otal bai san darajar abin da mutum yake sa goshinsa a kai ba?

Yaron da ya karɓi kuɗina ba ya nan, wai ranar hutunsa ce. Wanda na tarar a kan kanta wani ƙato ne da ban taɓa gani ba. Na yi masa bayani da ɗan Turancin da nake ji, ya ɗaga kafaɗa. Na buɗe manhajar fassara a waya na rubuta masa komai dalla-dalla, ya karanta, ya leƙa kwamfuta ya ce "yok". Babu. Dala 25? Yok. Manaja? Yok. Na ce to a kira yaron a waya, ya ce ba a kiran ma'aikaci ranar hutu. Na ce a ba ni jinginata in tafi. Nan ne ya ɗauko wani tawul daga bayan kanta, mai ɗan tabon shayi da bai kai girman kwabo ba, ya ce ni na ɓata shi, kuma kuɗinsa da na awa ɗayan da kayana suka ƙara a ɗaki sun cinye dala 50 ɗin cif.

Jama'a, wane irin tawul ne wannan? A titin da otal ɗin yake, a ƙofarsu, ana sayar da irinsa dozin-dozin, kuma ni ɗan kasuwa ne, na san farashinsa. Mutumin nan ya san ba tawul ba ne. Ya san fasfo ɗina yana kwamfutarsu, ya san dare zan tashi, ya san ba ni da kowa a garin, ba na jin Turkanci, kuma ba zan bar jirgi ya tafi ina zaune a ofishin 'yan sanda a kan dala 75 ba. Da a rana ta biyu suka yi min haka, da na kwashe kayana na koma otal na gaba sun yi asarar kwana bakwai. Sai suka jira aka gama cin moriyar ganga.

Na tambayi maganin hawan jinina da na bari a durowa, da sikelin hannuna, da cajar waya. Ya ɗaga waya ya yi magana da wata, ya ajiye ya ce ba a ga komai ba. Na roƙe shi, ni da na girme shi nesa ba kusa ba, ya bar ni in hau in duba durowar da kaina, minti ɗaya. Ya ce akwai baƙi a ɗakin. Da na ɗaga murya sai ya nuna min ƙofa, ya ce ba a ajiye kayan wanda ya riga ya fita.

Wanda bai taɓa tafiya shi kaɗai da kaya ba, ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Hannu biyu gare ni, jaka uku da kwali. In na ja biyu zuwa bakin titi, ta ukun tana bayana ba mai duba ta. Fitsari ya matse ni, ba halin shiga banɗaki. Aka kira azahar a masallacin Laleli, ga shi nan ina kallonsa, ga famfunan alwala, amma wa zan bar wa kayan? Intanet ɗin otal ya yanke ina fitowa, wayata saura kashi goma sha. Na zauna a kan jakar da ta tsage a gefen titi, mutane suna wucewa suna kewaye ni, masu turin kaya a baro suna min tsawa in kauce. Na fi awa ɗaya a haka, kaina ya fara sarawa, ga ba magani.

Allah ne ya jefo min wani yaro. Ya ga hulata ya ja birki da baronsa.

"Alhaji, lahiya? Mi ya samu?"

Ɗan Maraɗi ne, yana aiki a wani ofishin aika kaya. Ban san sanda idona ya kawo ruwa ba.

"Ƙanena, otal ne suka koro ni. Ko salla ban yi ba."

"Subhanallahi. Taso Alhaji, mu tai wurinmu."

Ya loda kayan a baro ya kai ni ofishinsu, ya nannaɗe jakar da ta tsage da salatif, ya ba ni caja, ya tsare kayan na je na yi azahar da la'asar. Ya raka ni kantin magani aka ba ni irin nawa da na nuna hoton kwalinsa a waya. Na miƙa masa wani abu ya ƙi karɓa, ya ce in sa shi a addu'a. Da na ba shi labarin otal ɗin bai yi mamaki ba ko kaɗan, ya ce ba ni ne na farko da ya tsinta a bakin titin nan da kaya ba.

Na ɗauka an gama. Saura mai tasi.

Tun 2019 aka mayar da jiragen fasinja daga tsohon filin jirgi na Ataturk zuwa sabon da ke can arewacin gari, sama da kilomita 40 daga Laleli. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke zuwa, amma sai ka shiga a Vezneciler, ka sauka a Gayrettepe, ka yi doguwar tafiya ka canja wani. Mai jaka uku shi kaɗai ba zai iya ba. Tasi uku suka tsaya, suka ga kaya da baƙin mutum, suka ce dala za a biya, ba za su kunna mita ba. Na huɗun ya yarda ya kunna. A hanya har da yi min sallama da tambayar ko ni Musulmi ne, yana cewa masha Allah.

Da muka isa, kuɗin ya kama lira 1,100 da wani abu. Na ƙirga 'yan ɗari bibbiyu guda shida a gabansa na miƙa. Na juya in buɗe ƙofa, sai ya taɓa ni ya baje kuɗin: huɗu 'yan ɗari biyu, biyu 'yan ashirin. Wai na yi kuskure. Takardun kuɗinsu duk hoton Ataturk, shugaban ƙasarsu na farko, ne a gaba, don haka suke ganin baƙo zai ruɗe. Ni ban ruɗe ba. Shekara ashirin ina ƙirga kuɗi a kasuwa, kuma babu 'yar ashirin ko ɗaya a aljihuna tun safe. Na ce masa ya ji tsoron Allah. Ya fara ihu da Turkanci, motocin baya suna ta oda, jakunkunana kuma suna cikin but a kulle, ya ƙi buɗewa. Na ba shi. Me zan yi? Yana sauke kayan ya fizgi mota, kafin in ɗaga waya in ɗauki lambar ya shige cikin motoci. Abin da idona ya kama 34 ne kawai, wanda duk motar Istanbul da shi take farawa.

Sai wurin awo. Ba ni da sikeli, ban san abin da suka cusa min ya ƙara nauyi nawa ba, ga salatif an naɗe. Jaka ta hau, kilo 26 da ɗoriya. Matar da ke awon ba ta yi min laifi ba, ƙa'idarta ta bi: ko in biya kuɗin ƙari, ko in rage. Kuɗin da na ware don irin wannan su ne suke aljihun mai otal da mai tasi, katin bankina kuma ba ya aiki a can. Haka na durƙusa a gaban layi, mutane suna kallo, ina yage salatif da haƙori. Na fitar da jiƙaƙƙen tawul da silifas na jefa a kwandon shara, bai isa ba. Jakar hannu ta riga ta cika. Kayan sari kuma ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai kuɗin mutane a ciki. Kwalin butar shayin Hajiya na ɗauka, na juya shi a hannu, na ajiye a gefen kwandon. Wani mai shara ya zo ya tsaya yana kallona, na nuna masa da hannu ya ɗauka.

Ba Turkawa nake zagi ba. Mai shagon da na sari takalma a wurinsa ya biyo ni har titi da canjin da na manta, mai kantin magani ya ba ni ruwa na sha ƙwayar a gabansa. Da mai otal ɗin nan nake, da yaronsa da ya dafa ƙirji ya kira ni ɗan'uwa ya soke dala 25 a aljihu, da direban da ya yi min masha Allah yana shirya min 'yan ashirin a ƙarƙashin cinya. Ban yafe ba, kuma na kira abokaina biyun nan tun daga filin jirgi na ce su goge sunan wurin.

Da na iso gida Hajiya ta tambaye ni ko na yi mata addu'ar, na ce na yi. Ta ce to ina tsarabar Santambul? Na ce mata tana tafe cikin kayan da na aiko. Yanzu sai na nemi wanda zai je ya sayo min wata.

Na rubuta wa otal ɗin sau huɗu a WhatsApp, da hoton zif ɗin da suka tsaga da na sallayata a ƙasa. Duk sun buɗe sun karanta. Saƙo ɗaya tak ya fito daga wurinsu, kwana biyu bayan dawowata, suna gode min da zama da su, suna roƙon in ba su tauraro biyar.