Gizo ya shiga waya, wa zai amsa masa "ta zo mu ji ta"?

Ƙanwata da ke karatu a wata jami'a nan Kumasi ta zo min da aikin da malaminsu na ƙagaggen rubutu ya ba su: su kalli tatsuniyar Ananse, wato Gizon mutanen Asante, a YouTube, su rubuta nasu labarin a kanta. Dabarar ta burge ni. Ɗalibin da ba zai buɗe littafi ba, a cikin trotro, motar haya, ma zai kalli bidiyon minti goma. Kuma tatsuniya ta iya ginin labari: ga yunwa, ga kwaɗayin Gizo, ga Ƙoƙi tana gargaɗi, ga asiri ya tonu. Abin da ake shan wahalar koyarwa a allo ke nan.

Sai da muka kalla tare na ga inda gizo ke saƙar. Zane ne mai motsi, da muryar kwamfuta mai karatu kamar sanarwar tasha. An cire waƙar da ke tsakiya. Babu mai maƙale harshe ya yi tsamin bakin Gizo, babu yaron da zai katse da "to sai me?" Wanda ya koyi rubutu daga wannan, ƙashin labari zai kawo, ba nama.

Mu 'yan Zango muna da abin da ya fi haka. Tatsuniyoyin Hausa da Bature Rattray ya buga a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta su da ajami a wannan ƙasa tamu, tun ana ce mata Gold Coast. Daga bakin mutane aka ɗebo su. Kuma a unguwannin Aboabo da Asawase na nan Kumasi yaro na tashi da Gizo a kunne ɗaya, Ananse a ɗayan.

Ni a ganina, malam, a kalli bidiyon, amma a tsayar da shi a tsakiya, kowa ya ƙarasa da alƙalaminsa. Sannan a tura su gida su ɗauko muryar tsohuwa da wayar nan dai, su kwatanta.

Haka muka yi ranar Juma'a da dare, wuta ma an ɗauke. Hajiya Kaka ta ce, "Ke 'yar nan, jami'a guda tatsuniya ta aiko ki nema?" Ta yi dariya har da tari, ta gyara zama a kan tabarma, ta ce ga ta nan ga ta nanku. Kafin a kai ƙurunƙus, yaran maƙwabta bakwai sun cika ƙofar ɗaki, cajin wayar kuma ya ƙare.