Daren da tantabaruna suka fitar da unguwa waje

Duk wanda ya san ni a wajen Ƙofar Marusa a Katsina, da tantabaru ya san ni. Akwai 'yan zabi ma, da wata akuya ta Hajiya mahaifiyata wadda ta ƙi a sayar, ta ƙi a yanka, sai cin dusa. Ban taɓa kallon dabbobin nan a matsayin masu gadi ba sai a watan Fabrairun 2023, lokacin da ƙasa ta girgiza a Turkiyya da Siriya. Mutum sama da dubu 50 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. A kwanakin nan wayar kowa cike take da bidiyo: ga tsuntsaye suna ta shawagi suna kuka a saman benaye, ga karnuka suna haushi, wai duk kafin abin ya faru aka ɗauka.

Lokacin kuwa canjin kuɗi ya zaunar da kowa. Ba ciniki, ba tsabar kuɗi a aljihu, data kaɗai ke sayuwa ta taransifa. Sai na duƙufa karatu a waya. Na ci karo da labarin garin Haicheng na ƙasar Sin a 1975, inda macizai suka riƙa fitowa daga ramukansu tsakiyar sanyi suna sandarewa a kan ƙanƙara. Hukuma ta sa mutane su bar gidaje, ranar 4 ga Fabrairu girgiza mai ƙarfin maki 7.3 ta zo, jama'a da yawa suka tsira. Na kai wannan labari majalisarmu bayan isha'i, na shimfiɗa shi tiryan-tiryan. Wani malamin sakandare da ke layinmu ya ce Katsina a kan tsohon dutse take zaune, nesa da inda manyan faya-fayan dutse na ƙarƙashin ƙasa ke gogar juna su jawo girgiza. Na ce to girgizar da aka yi a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016 fa? Mpape ta Abuja fa a 2018? Ya ce ai waɗannan 'yan motsi ne. Na ce Malam, da ƙanƙane ake farawa. Ranar ni na ci majalisa.

Wani dare cikin makon, hunturu na kaɗawa, babu wuta, wajen ƙarfe biyu na farka da ƙarar fukafukai. Ɗakin tantabaru ya kacame, fat-fat-fat, suna ta dukan langa-langa. Zabi suka ɓarke da kuka. Akuyar Hajiya, wadda ko sallah ba ta tayar mata da hankali, ta kama ihu tana jan igiya. Na yi wuf na miƙe daga katifa, sai na ji ɗakin ya juya da ni. Uwargida ta ce jiri ne na wanda ya kwana a kan garin kwaki. Ni dai na san abin da ƙafata ta ji.

"Girgizar ƙasa! Kowa ya fita!"

"Malam, lafiya? Wace ƙasar?"

"Wannan da kike kwance a kai! Ɗauki yara!"

Ta saɓa ƙaramin, ta ja manyan suna layi da barci. Ni kuma da na duba hannuna a zaure, cajar waya na gani da takalmi wari ɗaya. Hajiya ce ta ba ni wahala. Na buga ƙofarta har hannuna ya yi zafi, ta ce daga ciki, "Kai, in ƙasa za ta haɗiye ni, ta same ni cikin bargona." Sai da na haɗa ta da Allah ta fito, carbi a hannun dama, rediyo a hagu.

Haƙƙin maƙwabtaka kuma ba abin wasa ba ne. Na bi layi gida-gida ina dukan ƙyaure. Kafin a ce me, titi ya cika da mutane cikin zannuwa da barguna, wasu na salati, jarirai na tsala kuka, wani tsoho ya fara kiran sallah.

Nan ne Alhaji maƙwabcina ya fito. Wannan bawan Allah, a majalisa ya rantse mana bai ko ga kalar sabuwar naira ba, har ya ranci ɗari biyu a hannun mai shayi. Ga shi yanzu daga shi sai singileti, ya bar matansa biyu a baya, ya rungume wata baƙar leda a ƙirji. Ledar kuwa ta yage ta gindi. Wani yaro ya haska tocila, sai ga bandir-bandir na sababbin dubu-dubu suna leƙowa. Salati ya tsaya cak. Duk tocilolin layin suka bar kallon bango suka koma kan Alhaji.

Muka tsaya. Ƙasa shiru. Haƙora sai karo suke.

Malamin sakandare ya matso kusa da ni, ya ƙudundune cikin bargon yara, muryarsa na rawa don sanyi da haushi. Ya ce, "Malam, ka karanta Haicheng, ka karanta Tangshan? Shekara ɗaya tsakani, 1976, a ƙasa ɗaya, mutum sama da dubu 240 suka mutu ba tare da an yi musu gargaɗi ba. A Haicheng ɗin ma ƙananan girgiza ne suka yi ta zuwa tukuna, na'urori suka auna, su suka fi tayar da hukuma." Ya ce abin da aka tabbatar shi ne girgiza na turo wani motsi mai sauri amma marar ƙarfi a gaba, dabba na iya jin sa kafin babban ya iso. "Daƙiƙu ne tsakani. Kafin ka lalubo ɗaya warin takalmin nan an gama. Kuma a wane dare ne zabi ba sa kuka a Katsina? Ranar da ba abin da ya biyo baya, wa ke ɗaukar su bidiyo?"

Ina shirin jefa masa Mpape ke nan, yaron mai tocila ya ce, "La, ku duba katanga!" Wani ƙaton muzuru ne ke tafiya a kan katangar gidana cikin ƙasaita, ɗan shila a bakinsa. Ya tsaya ya ƙare wa taron kallo, ya dire gidan Alhaji.

Hajiya ta kashe rediyonta ta ce, "To, ga girgizar can ta tafi da naman miya." Uwargida ba ta ce komai ba, wanda ya san ta ya san hakan ya fi magana zafi. Ni kuwa na tsaya a kan bakana: tantabaru sun hango masifa, sun faɗa, kuma masifa ta zo. Girmanta ne kawai muka yi saɓani a kai.

Da gari ya waye, ƙofar gidan Alhaji ta cika da masu zuwa jaje, kowa da waya a hannu yana tambaya ko za a taimaka masa da dubu biyar ya yi taransifa. Har mai shayi ya zo karɓar ɗari biyunsa. Ni ma na bi layi, don gidana ko kuɗin koko babu. Da aka zo kaina, yaron gidan ya shiga, ya daɗe, ya fito yana sosa ƙeya.

"Wai in ji Alhaji, ka je tantabarunka su ba ka."