Zarton da ke maƙale a darbejiyarmu

Darbejiyar tsakar gida ta fara gogar kwanon ɗaki, uwargida ta yi mita har ta gaji, ranar Asabar na faɗa kasuwar Ƙofar Ruwa. Mai shagon, Allah ya saka masa, ya miƙo min wani lanƙwasasshen zarto mai manyan haƙora. "Alhaji, wannan ne na ɗanyen ice, a jawowa yake ci." Na ce ni ba lauje na zo saye ba, a ba ni irin na kafinta, dogo mai ƙyalli. Ya fi araha ma.

Na hau tsani. Ja goma, ɗanyen gari ya toshe ƙananan haƙoran, zarto sai shafar reshe yake kamar mai lallashi.

Sai ga kan maƙwabcina a saman katanga. Kun san shi. Mutumin da ya ari shebur ɗina tun daminar bara, kullum "gobe in sha Allah", na kuma gan shi da idona yana kwasar yashi da shi a ƙofar gidan surukinsa. Wai shi ne zai koya min aiki. "Malam, ta ƙasa ake fara tsagawa kaɗan, kada reshen ya ɓare bawo in zai faɗi."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Kaɗan ya ce. Ni kuwa don haushi na ci gaba da yanka ta ƙasa har rabi, reshe ya sauko da nauyinsa ya cije zarton gam. Na tura, ya lanƙwashe. Na ja, shiru. Na sa hannu biyu na fizga da ƙarfina, tsani ya yi gabas, ni na rungume reshe. Silifa ɗaya ta faɗa cikin ƙullun koko. Ƙafafuna na lilo, riga ta tattare har hammata, tumbi a waje, yara na tsalle suna "Baba ya zama biri!" Shi kuwa gogan daga katanga sai "Sannu Malam, riƙe da kyau." Bai ko zagayo ba.

Uwargida ta ɗaga tsanin, ba ta ce uffan ba, kafaɗunta kawai ke rawa.

Zarton na nan a sama. Jiya na ga ta rataye tsumman goge-goge a ƙotarsa.